Me Ke Sa Kajin Gida Figar Juna?

Kiwon kaji a bayan gida ya zama hanyar rufin asiri ga magidanta da yawa a biranen ƙasar Hausa. Malamin makaranta ne, ko ma'aikacin da ya kusa ajiye aiki, ko uwargidan da ta kwashi adashi, sai a sayo 'yan tsakin gidan gona ashirin ko talatin, a kewaye wani lungu da waya, a daɓe ƙasansa da siminti don sauƙin shara, a riƙa zuba abinci da ruwa ana jiran ranar da za a fara tsintar ƙwai. Makarantun sakandare da dama ma suna da irin wannan akurki a gonar makaranta, inda ɗalibai ke koyon kiwo a aikace.

Sau da yawa al'amarin yakan tafi lami lafiya har kajin su kai wata huɗu ko biyar. Daga nan sai mai kaji ya lura gadon bayan wata kaza ya fara sanƙo, gashin bindinta kuma ya kakkarye. Kafin mako biyu masu sanƙon sun zama biyar. Abin mamaki, in an duba ƙasan akurkin ba a ganin gashin da ya zuba. Wata safiya kuma sai a tarar da kaza a mace, bayanta jina-jina, wani lokaci har da hanji a waje. Wani ya ce gafiya ce, wani ya ce ƙuma ce, wani ma ya ce kambun baka ne. Sai ranar da mai kajin ya sami sukuni ya zauna ya zuba musu ido, sa'an nan zai ga ashe ɓarnar daga cikin gida take. Kaza ce ke lallaɓowa ta bayan 'yar'uwarta, ta kama gashi guda da baki, ta fizge, ta haɗiye, ta koma neman wani.

Wannan ɗabi'a ita ce figar juna, kuma asarar da take jawowa ba kaɗan ba ce. Kazar da aka fige takan rage ƙwai, takan kuma ƙara cin abinci domin ta ɗumama jikinta, musamman a daren hunturu. In an kai ta kasuwa mai saye zai ɗauka ciwo gare ta, ya karya mata farashi. In kuwa abin ya kai ga jini, to, mutuwa ta shigo akurki. Masana halayyar dabbobi sun shafe fiye da shekaru 50 suna nazarin wannan matsala, abin da mafi yawansu suka tsaya a kai kuwa shi ne, kazar da ke figar 'yar'uwarta kiwo take yi, sai dai ta rasa ƙasar da za ta yi kiwon a kai.

Sara iri-iri ce

Kafin a fahimci figar juna, wajibi ne a raba ta da faɗan da aka saba gani a tsakanin kaji. A farkon shekarun 1920 wani masanin dabbobi ɗan ƙasar Norwe, Thorleif Schjelderup-Ebbe, wanda tun yana yaro yake lura da kajin gidansu, ya bayyana cewa kowane garken kaji yana da tsarin girma. Akwai kazar da ke sarar kowa ba mai sarar ta, akwai mai bi mata, haka har zuwa ta ƙarshe wadda kowa ke kora daga bakin abinci. Irin wannan sara ta nuna iko ce. A ka ko a zanko ake yin ta, da ƙarfi, cikin ƙiftawar ido. Wadda aka sara ta yi ƙara ta ba da wuri, magana ta ƙare.

A shekarar 1995 wani masani a Cibiyar Roslin ta ƙasar Sukotlan, C. J. Savory, ya kasa sarar da kaji ke yi wa juna gida biyar. Ta farko ita ce ta nuna iko da aka ambata. Ta biyu ita ce ɗan taɓa gefen gashi a hankali ba tare da an cire shi ba, wadda ake yi wa ba ta ma cika kula ba. Ta uku ita ce fizga mai tsanani, inda ake tumɓuke gashin daga tushensa, sau da yawa a haɗiye. Ta huɗu ita ce sarar fatar da ta riga ta yi tsirara, har jini ya fito a shiga cin tsoka. Ta biyar ita ce sarar mafitar ƙwai, wadda ke iya kashe kaza a yini ɗaya ko da gashinta cikakke ne.

Wanda ya lura da kaza mai fizga zai ga babu alamar fushi tare da ita. Ba ta miƙe wuya, ba ta tayar da gashin wuya kamar mai shirin faɗa. Kanta a sunkuye, tafiyarta a natse, tamkar mai tsintar tsaba a tsakar gida. Ba ruwanta da tsarin girma, domin ƙaramar kaza na iya figar babba. Wuraren da take nufa su ne gadon baya, da gindin bindi, da ciki. Ita kuwa wadda ake figa tana jin zafi ƙwarai. Binciken da Michael Gentle da abokin aikinsa suka buga a 1991 ya nuna jinin kaza yana hawa sa'ad da aka cire mata gashi, in kuma aka ci gaba da cirewa sai ta daina tsalle da ƙara, ta durƙushe ta yi shiru. Saboda haka kazar da ta laɓe a kusurwa ana figar ta ba ta motsi, wahala ce ta kai mata iyaka.

Aikin da aka halicci baki dominsa

Asalin kazar gida wata kazar daji ce mai jan gashi da ke zaune a dazuzzukan kudu maso gabashin Asiya, wadda mutane suka fara kiwo fiye da shekaru 3,000 da suka wuce. Abincinta a warwatse yake cikin busassun ganyaye: 'ya'yan ciyawa, da gara, da tsutsa, da ƙananan ƙwari. Ba ta samun cikar ciki sai ta yini tana tono da ƙafa tana tsattsaga da baki.

A 1989 Marian Dawkins ta Jami'ar Oksfod ta buga sakamakon lura da ta yi da irin waɗannan kajin daji da aka saki suna yawo a gandun dabbobi na Whipsnade a Ingila. Ko da yake ana ba su abinci kullum, ta tarar cewa a cikin kowane minti 100 na lokacin da suke kai da kawowa da rana, ana ganin su suna tsattsagar ƙasa a kusan minti 60, suna tono kuma a kusan minti 34. Tun kafin wannan, a 1972, Ian Duncan da Barry Hughes sun nuna cewa kaza takan zaɓi ta yi aiki ta sami wani kaso na abincinta, ta hanyar sarar wani maɓalli, alhali ga irin abincin nan a gabanta kyauta. Ma'anar wannan ita ce, sha'awar tono da tsattsaga daban take da yunwa. Cikar ciki ba ta kashe ta.

To, sai a dubi kazar da aka kulle a kan siminti ko waya. Abincin da take bukata a yini bai wuce giram 110 zuwa 120 ba, ga shi a tare a mazubi ɗaya, cikin ɗan lokaci ta gama. Sauran sa'o'in yinin fa? Siminti ba ya tonuwa. A duk faɗin akurkin, abu ɗaya ne ke motsi in an taɓa shi, yake jawuwa in an ja shi, yake kuma haɗiyuwa, wato gashin maƙwabciya.

Wani masani ɗan ƙasar Holan, Harry Blokhuis, ya gwada wannan tunani a 1984 da 1986. Ya rena wasu kaji a kan shimfiɗar da za su iya tonawa, wasu kuma a kan daɓen da babu komai. Na kan shimfiɗa suka fi tsattsagar ƙasa, marasa shimfiɗa suka fi figar juna. Da ya ɗauke wasu daga kan shimfiɗa ya mayar da su wurin da babu, sai figa ta ƙaru a tsakaninsu. Wani masanin kuma ɗan Denmak, Klaus Vestergaard, yana ganin rashin wurin birgima a ƙura ne tushen matsalar. A 1997 masana biyu a Suwizalan, Huber-Eicher da Wechsler, suka auna ra'ayoyin biyu. Suka ba wasu 'yan tsaki yashi na birgima, wasu kuma suka ba su karan ciyawa na tono. Yashi shi kaɗai bai hana figa ba, amma karan ciyawa ya rage ta ƙwarai. Wannan ya ƙara wa ra'ayin Blokhuis ƙarfi, ko da yake birgima ma tana da nata amfanin wajen tsabtace gashi.

Hausawa na cewa kaza mai yawan tono ita ke tono wuƙar yanka ta. A akurkin zamani kuwa, hana tonon ne ke jawo wuƙar.

Darasin kazar ƙauye

Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san da wuya a ga kajin Hausa masu yawo suna figar juna. Da asuba suke fita, su bi bola da turken dabbobi da bakin rumbu da masussuka, ba su dawowa sai magariba. Bakinsu bai taɓa rasa aikin yi ba. Ko wata ta matsa wa wata, fili na da yawa, sai ta kauce.

Akwai kuma wani abin da ɗan tsakon ƙauye ke samu wanda na gidan gona ba ya samu, wato uwa. Tun ranar farko uwa ke tono tana kiran 'ya'yanta da wata irin murya, tana ɗaga ƙwayar abinci tana saki a gabansu. Ta haka ɗan tsako ke koyon cewa ƙasa ake sara. In sun gaji kuma sai su shige ƙarƙashin fukafukanta, inda akwai ɗumi da duhu, su yi barci gaba ɗaya, su tashi gaba ɗaya. 'Yan tsakin injin ƙyanƙyasa kuwa a ƙarƙashin fitila suke dare da rana. Wasu na barci wasu na yawo, masu yawon kuma sai su riƙa gwada bakinsu a jikin masu barci. Daga nan ɗabi'ar ke samo tushe, ko da yake ɓarnarta ba ta cika bayyana ba sai kajin sun kusa fara ƙwai.

Wannan ne ya sa masana suka ƙirƙiro abin da za a iya kira uwar akwati, wato wata 'yar rumfa mai ɗumi, marar haske a ciki, wadda aka kewaye da labule mai tsaga-tsaga yadda 'yan tsaki za su shiga su fita. Gwajin da aka buga a Denmak a 2006, da wanda masanan Jami'ar Biristol ta Ingila suka yi a manyan gonaki suka buga a 2012, duk sun nuna kajin da aka rena da irin wannan rumfa sun fi ƙarancin fizga mai tsanani bayan sun girma.

Wannan ba ya nufin a saki kajin birni su bi titi. Kazar da ke yawo tana fuskantar shirwa da muzuru da ɓarawo da annoba, ƙwanta kuma bai cika wuce 30 zuwa 60 a shekara ba, alhali kazar gidan gona, irin ShikaBrown da Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika ta samar, tana iya ba da fiye da 250. Abin da ake bukata shi ne a shigo wa kazar akurki da abin da ta rasa na ƙauye.

Abubuwan da ke rura wutar

Rashin abin tono shi ne tushe, amma akwai wasu abubuwa da ke ƙara tsananta matsalar. Na farko shi ne abinci. Fiye da kashi 80 cikin 100 na gashin kaza furotin ne, irin wanda ake kira keratin, wanda shi ne kuma ke cikin farce da ƙaho. Jiki yana gina furotin daga wasu ƙananan sinadarai masu suna amino asid, ɗaya daga cikinsu kuwa, metiyonin, kaza ba ta iya haɗa shi da kanta, sai ta same shi a abinci. Kaza mai ƙwai tana bukatar abincin da furotin ɗinsa ya kai kashi 16 zuwa 17 cikin 100, masara kuwa ba ta wuce kashi 9 ba. Sa'ad da buhun abinci ya yi tsada, wasu masu kaji sukan gauraya shi da masara rabi da rabi don ya daɗe. Lissafin a fili yake: 17 a tara da 9, a raba biyu, ya zama 13. Haka gishirin da ke cikin abincin, wanda dama bai wuce kimanin giram 3 a kowane kilo ba, zai ragu da kusan rabi. An tabbatar ƙarancin furotin da ƙarancin gishiri duk suna ƙara figa. Ƙuli-ƙuli da waken soya suna da furotin mai yawa amma metiyonin ɗinsu kaɗan ne, riɗi da garin kifi kuwa suna da shi sosai. Gishiri kuma in ya yi yawa guba ne ga kaza, don haka ba a ƙara shi da ka.

Siffar abincin ma tana da tasiri. Abincin da aka dunƙule ƙwaya-ƙwaya kaza na gama shi da wuri, na gari kuwa yana ɗaukar ta lokaci, don haka figa ta fi yawa ga masu cin dunƙulalle. Har ila yau, ƙundun kaza yana son abu mai kaushi da zai niƙa, irin su ƙaiƙayi da ganye da ɓawon hatsi. Bincike ya nuna gashin da kaza ta haɗiye yana aiki a hanjinta kusan irin aikin waɗannan abubuwa, abin da ya bayyana dalilin da ya sa ba a ganin gashi a ƙasan akurkin da ake figa.

Na biyu shi ne haske. Idon mutum yana da ƙwayoyin gane launi iri uku, na kaza iri huɗu ne, ganinta na launi ya fi na mutum. Karyayyen gashi, ko sabon gashi mai jini a tushe, ko ɗigon jini a fata, nan da nan suke jan hankalinta, kuma haske mai ƙarfi yana ƙara fito da su. Barin ƙwan lantarki a kunne har gari ya waye yana hana kaji hutu. Sa'o'i 16 na haske, in an haɗa na rana da na fitila, sun ishi kaza mai ƙwai. Ƙara wa 'yan matan kaji haske tun ba su kai mako 18 ba yana sa su fara ƙwai jikinsu bai ƙosa ba, mafitar ƙwai ta riƙa zazzagowa. Jan naman da ke leƙowa bayan an saki ƙwai kuwa shi ne ke jawo sara ta biyar.

Na uku shi ne zafi da cunkoso. Zafin jikin kaza kimanin digiri 41 ne a ma'aunin Salshiyas, ga shi ba ta gumi, sai dai haki. A bazarar Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram, inda zafin rana kan haura digiri 40, akurkin da aka rufe da kwano yakan zama tanda. Kaza ta rage cin abinci, abin da take samu na gina jiki ya ƙara raguwa, ta kuma ƙosa da kowa. Dokar da Tarayyar Turai ta kafa a 1999 ta ce a ɗakin kaji masu ƙwai kada a wuce kaza 9 a murabba'in mita ɗaya, kowace kaza ta sami santimita 10 a bakin mazubin abinci da santimita 15 a kan sandar kwana, sa'an nan aƙalla kashi ɗaya cikin uku na daɓen ya kasance da shimfiɗar tono. Wannan ma'auni na ƙasashen sanyi ne. A ƙasa mai zafi ya fi dacewa a tsaya a huɗu ko biyar.

Hali ma ana gadonsa

A akurki ɗaya, da abinci ɗaya, ba duka kaji ne ke fizga ba. Galibi 'yan kaɗan ne ke yin mafi yawan ɓarnar. A Denmak, Jørgen Kjaer da abokan aikinsa sun ware kaji masu yawan figa suka haɗa su da zakarun danginsu, suka yi haka kuma da marasa figa. Sakamakon da suka buga a 2001 ya nuna cewa a zuriya ta uku kawai, jikokin masu figa sun ninka na ɗaya ɓangaren sau da yawa a wannan ɗabi'a. A 2004 kuma Linda Keeling da abokan aikinta a Siwidin suka gano cewa wata ƙwayar gado mai kula da launin gashi tana da hannu wajen wadda ake figa, domin a garken da suka yi nazari masu duhun gashi sun fi farare shan wahala.

Gwajin da ya fi ba da mamaki shi ne na William Muir na Jami'ar Purdue a Amurka, wanda aka buga a 1996. Ya lura cewa in ana zaɓen kazar da ta fi kowa ƙwai a keji don a yi iri da ita, mai yiwuwa ana zaɓen wadda ta danne sauran ne. Sai ya riƙa ajiye 'yan uba ɗaya a keji ɗaya, ba tare da yanke musu baki ba, yana zaɓen kejin da jimillar ƙwansa ta fi yawa. Mace-mace a shekara suka sauko daga kashi 68 cikin 100 a zuriya ta biyu zuwa ƙasa da kashi 9 a zuriya ta shida, yawan ƙwai kuma ya ƙaru. Mai ƙananan kaji da ke ƙyanƙyasa a gida yana iya ɗaukar darasi daga nan: kazar da aka sani da fizga ba a ajiye ƙwanta don iri.

Yanke baki

Maganin da aka fi sani a gidajen gona shi ne yanke tsinin baki da wuƙa mai zafi, ko kuma, a manyan wuraren ƙyanƙyasa na zamani, ƙona tsinin da wani haske mai zafi tun ɗan tsako yana kwana ɗaya. Babu shakka dakusasshen baki ba ya ɓarna kamar mai tsini. Sai dai bakin kaza ba kamar farce yake ba, cike yake da jijiyoyin ji, da su take tantance ƙwayar hatsi da tsakuwa. Yanke shi ga babbar kaza yana jawo ciwo mai daɗewa, in kuma aka zarce wurin yankan sai ta kasa cin abinci yadda ya kamata. Bugu da ƙari, yankan bai taɓa dalilin figar ba, makamin kawai ya rage wa kaifi. Saboda haka ƙasar Norwe ta haramta shi a 1974, Finlan a 1986, Siwidin a 1988, Holan kuma a 2019, manomansu suka koma ga gyaran kiwo da zaɓen iri. Mai kaji ashirin a bayan gida ya fi mai dubu ashirin damar bin wannan hanya. In kuwa yankan ya zama dole, aikin ma'aikacin lafiyar dabbobi ne, ba na reza ko almakashin gida ba.

Abin da mai kaji zai yi

Da farko ya tabbatar figar ce, domin ba kowane sanƙo ne figa ba. Kaza takan sake gashi da kanta, amma wannan yana farawa ne daga kai da wuya, gashin yana zube a ƙasa, sabo kuma yana biyo baya. Zakaran da ya yi wa kaji kaɗan yawa yakan goge musu gadon baya da ƙeya. Ƙuma da ƙwarƙwata ana ganin su in an buɗa gashi, kaskar kaji kuwa a tsagar bango take ɓuya da rana. Akwai kuma kajin da haka aka halicce su da tsiraicin wuya.

In ta tabbata figa ce, a fara ware duk wadda ta ji ciwo nan take, a wanke wurin da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri, a nemi maganin shafawa wurin likitan dabbobi, kada a mayar da ita sai fatar ta warke. Baƙin man mota da wasu ke shafawa guba ne. A kuma zauna a gano masu fizgar a ware su. Sa'an nan a rufe simintin da busasshiyar shimfiɗa mai kaurin santimita 5 zuwa 10, ta ɓuntun shinkafa ko sassaƙen katako ko yankakkiyar ciyawa, a riƙa juya ta, a kwashe inda ya jiƙe. Da la'asar a watsa ɗan dintsin gero ko dawa a ciki don su yi ta nema. A rataya damin harawa ko zogale ko ganyen kabeji daidai kansu. Gara ma abinci ce mai kyau, kuma manoma a sassan Afirka ta Yamma sun daɗe suna tara ta ta hanyar cusa busasshen kashin shanu da kara a tsohuwar tukunya, a yayyafa ruwa, a kife a kan hanyar gara. A ajiye kwano mai faɗi na yashi da toka don birgima. A kafa sandunan kwana da tsayi, yadda bakin na ƙasa ba zai kai ga na sama ba. A tanadi wurin yin ƙwai mai duhu, ɗaya ga kowace kaza biyar. Ruwa mai sanyi kada ya yanke, abinci kuma in za a sauya shi a yi a hankali cikin kwanaki. Duk waɗannan sun fi amfani in an fara su tun makon farko na rayuwar ɗan tsako, domin ɗabi'ar in ta kama, rage ta ake yi, da wuya a raba kaza da ita ɗungum.

Aiki ga ɗalibai

Makarantar da ke da akurki tana da ɗakin gwaji a hannu. A ɗaura wa kowace kaza zare mai launi daban a ƙafa. Ɗalibai biyu su zauna shiru na minti 15 da safe, da kuma minti 15 da yamma, ɗaya yana kallo ɗaya yana rubutu. Duk sarar da aka gani a rubuta wadda ta yi, da wadda aka yi wa, da wurin da aka sara a jiki, da kuma irin sarar cikin biyar ɗin nan. A ƙarshen mako a duba gashin kowace kaza a ba ta maki: 0 in cikakke ne, 1 in ya kakkarye, 2 in fata ta bayyana. Bayan mako guda a zuba shimfiɗa a rataya harawa, ba tare da an sauya komai ba ban da wannan, a ci gaba da ƙidaya har mako biyu, sa'an nan a zana jadawali a kwatanta. Malami zai iya tambayar ɗalibai dalilin da ya sa ba a sauya abinci da shimfiɗa a lokaci ɗaya ba, wanda shi ne ginshiƙin kowane gwaji na kimiyya. Sharaɗi ɗaya ne: in aka ga jini, ceton kazar yana gaba da cika jadawali.

Kammalawa

Figar juna ciwo ne da tsarin kiwo ke haifarwa, gado da abinci da haske da zafi kuma suna ƙara masa nauyi. Kazar da ke yin ƙwai 250 a shekara har yanzu tana ɗauke da bukatar kakarta ta daji, wato ta yini tana tono. Mai kajin da ya lissafa kuɗin waya da kwano da buhun abinci, ya kamata ya sa buhun ɓuntu da damin harawa a cikin lissafin tun ranar da zai sayo 'yan tsaki. Kuɗinsu bai kai na kaza ɗaya mai ƙwai ba.